Tsima ƴaƴan kafe a rufaffen tano: yadda ake yi da inda yake lalacewa

Itacen kafe ba ya yi a ƙasarmu Nijar. Zafi ya fi ƙarfinsa, ruwan sama kuma bai ishe shi ba. Duk ƙwayar da ake soyawa a Yamai ko Tawa daga wani wuri ta zo, kuma iri biyu ce, robusta da arabika: robusta daga Kpalime a Togo, daga Man a Kodebuwa, daga Masenta a Gini, arabika daga tsaunukan yammacin Kamaru, daga Mambila a jihar Taraba, ko daga Habasha. Saboda haka wannan bayani na mutum biyu ne. Akwai ɗan kasuwar da ke sauka kudu lokacin tsinka, wajejen Nuwamba zuwa Fabrairu, ya haɗa kai da manomi su sarrafa ƴan buhuna da kansu. Akwai kuma mai suya da ke zaune a shagonsa, ana turo masa samfur an rubuta "anayerobik" a jikin leda, wato wanda aka tsima a rufe ba iska, an ninka kuɗin, yana so ya san ko abin ya kai.

Tun da fari a kawar da wani tunani: kada ka ce za ka ɗauko ɗanyun ƴaƴa ka kawo Yamai ka tsima. Ɗan kafe yana fara tsami tun daga sa'ar da aka cire shi daga reshe. A ranar da aka tsinke shi ya kamata ya shiga tano, wato duro, cikin awa takwas in da hali. Motar da za ta kwana uku ko huɗu a hanya taki za ta sauke maka. Aikin tsimi a gona ake yin sa. Abin da ya rage wa Yamai shi ne ajiya, ɗanɗano da suya, kuma nan ma ana ɓata kaya sosai.

Abin da ke cikin ɗan kafe

Ka matse nunannen ɗa ɗaya tsakanin yatsu biyu. Jar fata za ta fashe, ƙwaya biyu su sulluɓo, jikinsu da santsi kamar an tsoma su cikin miyar kuɓewa. Wannan yauƙin shi ne duk maganar. Sukari ne da wani sinadari mai danƙo da ake kira fektin, manne a kan wani siririn ɓawo mai tauri, kwalfa, wadda a cikinta koriyar ƙwayar take. Ƙwayoyin halitta iri uku ne ke cin yauƙin. Yis yana mai da sukari barasa da iskar kabon da ƙamshin ƴaƴan itace. Bakteriyar da ke tsamar da nono tana fitar da tsami mai laushi, irin na kindirmo. Ta uku, bakteriyar binega, ba ta aiki sai da iska, kuma ita ce ke mai da barasar nan tsami mai yanka hanci.

Da ka gane wannan ka gane dalilin rufe tano. An hana ta ukun numfashi ne, a bar biyun farko su yi aiki a hankali, a samu tsawon lokacin da ƙamshi zai ratsa kwalfa ya shiga ƙwaya ba tare da binega ta riga shi ba.

Duk matar da ke kwantar da ƙullun masa ta san sauran karatun. Da hunturu sai ta matsar da kwaryar kusa da murhu, ta rufe da zane, gari ya waye bai gama tashi ba. Da bazara kuwa ƙullu ɗaya, yis ɗaya, kafin asuba ya yi kumfa ya zubo, tsami ya yi masa yawa. Ba ta duba agogo, zafin ɗakin take dubawa. A kafe ma haka ne: in zafi ya ƙaru da digiri goma, saurin tsimin yana kusan ninkawa. Shi ya sa in wani ya ce maka "awa 72 ake yi" bai faɗi digiri nawa ba, bai gaya maka komai ba. Awa 72 a tsaunin Kolombiya mai digiri 18 daban, awa 72 a gangaren Kpalime mai digiri 29 daban.

Tsofaffin hanyoyi uku ne, kuma dukansu akwai tsimi a ciki. Ko a shanya ɗan da fatarsa mako uku zuwa huɗu, ko a ɓare fata a bar yauƙin ya narke a buɗaɗɗen kwami awa 12 zuwa 36 sannan a wanke, ko a ɓare a shanya da yauƙin a jiki, hanyar da aka san Kosta Rika da ita. Abin da ya canza a ƴan shekarun nan shi ne mutane sun daina ɗaukar tsimi a matsayin hanyar cire yauƙi kawai, suka mai da shi hanyar gina ɗanɗano. Abin ya yi tashe ne bayan 2015, shekarar da Sasa Sestic na Ostireliya ya ci gasar duniya ta masu haɗa kafe a birnin Siyatil na Amurka da wani kafen Kolombiya da aka tsima a rufaffen tanki cike da iskar kabon, dabarar da aka aro daga masu sarrafa inabi a yankin Bojole na Faransa.

Kayan aiki

Tano na shuɗiyar roba, wato duro, mai faɗin baki da murfi mai zoben ƙarfe, lita 60 ko 120. A kasuwar Katako ana samun su, amma ka sa hancinka ciki kafin ka biya. Wanda ya taɓa ɗaukar man fetur, maganin ƙwari, sabulu ko turare, ka bar shi ko da kyauta ne, roba ba ta mantuwa. Ka fi son ƙanana uku a kan babba ɗaya. Tsimi da kansa yana fitar da zafi, babban tano yana riƙe zafin a tsakiya, ƙarami kuma yana sakin sa.

A huda murfin, a sa siririn tiyo mai tsawon kamar mita ɗaya, a liƙe gindinsa da silikon. Ɗaya bakin tiyon a nutsar da shi cikin kwalbar ruwa rabi. Iskar ciki za ta fita da kumfa, ta waje ba za ta shiga ba. A ƙasan tanon, kamar yatsa huɗu daga gindi, a sa ƙaramin famfo na roba don ɗibar ruwan gwaji ba tare da an buɗe murfi ba. Wannan famfon ba ado ba ne. Duk buɗewar murfi iska ce ka ba wa bakteriyar binega.

Tun kana Yamai ka gwada rufin. Zuba lita ɗaya na ruwa da cokali huɗu na bikarbonat, ka ƙara rabin kofin ruwan lemun tsami, ka rufe da sauri. In kwalbar ta yi kumfa, rufin ya kama. In ba ta yi ba, ka shafa ruwan sabulu a gefen murfi daga waje ka ga inda yake huci.

Sai ma'aunai. Na zafi mai dogon tsinke. Na tsami, wato pH, wanda lambarsa ke raguwa in tsami ya ƙaru, na lantarki tare da ruwan daidaita shi na 4 da na 7. In babu, takardar gwaji mai nuna tsakanin 3 da 6 za ta yi maleji. Na sukari, wanda ake ɗiga ruwa a gilashinsa a leƙa, yana ba da lamba da ake kira Biriks. Sikeli mai auna giram. Da littafi da biro, waɗanda suka fi duk sauran amfani.

Gwajin farko, mataki-mataki

A tsinko nunannu zalla, ja jawur. Kore yana kawo bauri, wanda ya wuce nuna har ya yi baƙi yana shigo da fumfuna da warin ruɓa. A matse ƴaƴa goma daga wurare daban-daban a ɗiga ruwansu a ma'aunin sukari. Arabika nunanne yakan ba da 18 zuwa 24. Ƙasa da 16 babu isasshen abincin da zai ɗauki dogon tsimi, a wanke shi ta tsohuwar hanya kawai.

A juye cikin bahon ruwa mai tsabta a motsa. Duk wanda ya taso sama a kwashe, ko ƙwari sun huda shi ko cikinsa fanko ne. A tsane sauran, a baza a kan tebur a sake tsincewa da hannu. Wannan aikin yana cin awa biyu a kilo 100, kuma masu gaggawa nan suke yanke hanya, nan kuma suke kashe kayansu, domin rufaffen tano yana ƙara wa kowane aibi murya. Ruɓaɓɓen ɗa ɗaya a buɗaɗɗen shanya kansa kawai zai ɓata. A cikin tano kuwa ruwansa zai zagaya kowa.

A raba abin da aka samu uku, misali kilo 30-30. Kashi na farko a shanya shi kai tsaye da fatarsa, ba tano. Shi ne shaida. Ba tare da shi ba, ba za ka taɓa sanin ko tanon ya ƙara wani abu ba, ko kuwa tsincewar da ka yi da kyau ce ta gyara kofin. Kashi na biyu da na uku su shiga tano biyu, kowanne a cika shi kashi huɗu cikin biyar, a bar sarari a sama saboda kumfa. A rufe, a rubuta sa'a, zafi, Biriks da pH na farko, wanda yakan kasance tsakanin 5.5 da 6.

Tanon kashi na biyu a buɗe shi a awa 48, na kashi na uku a awa 72. Bambancinsu ke nan kaɗai. Wanda ya canza lokaci da gishiri da yis a gwaji guda, in kofi ya yi daɗi bai san wa zai gode wa ba, in ya lalace bai san wa zai kama ba.

A ajiye tanonin a inuwa mai iska, ba a kan siminti mai zafi ba. Burin shi ne cikin ya tsaya tsakanin digiri 18 da 24. A Mambila wannan yana zuwa da sauƙi. A ƙasa mai zafi sai an yi dabarar randa: a naɗe tano da buhun algarara, a riƙa jiƙa shi sau uku ko huɗu a wuni, iskar hunturu ta busar ta ja zafin. In akwai rafi, a nutsar da rabin tanon a ɗaure shi. Kuma a cika tano da yamma, ba da tsakar rana ba, don ƴaƴan da suka sha rana a kwando suna shiga da zafinsu.

Duk awa 8 a ɗebi ɗan ruwa ta famfo, a auna, a sansana, a rubuta. A wuni na farko kumfar kwalba kaɗan ce, a na biyu sai ta yi ta ɓulɓul. pH zai gangaro zuwa 4.5, sannan 4.2, sannan ya rage gudu. Tsakanin 4.2 da 3.9 nan ne wurin tsayawa ga mai koyo. In ya kai 3.8 a buɗe ko da agogon bai cika ba. In zafin ciki ya haura 30 ma a buɗe. Hanci kuma yana da nasa hukuncin: ƙamshin nunanniyar ayaba, abarba ko kindirmo alama ce mai kyau, warin binega ko na maganin goge farce yana nufin iska ta shiga ko zafi ya yi yawa, warin ruɓaɓɓiyar albasa ko tsohon man shanu kuwa wasu bakteriya ne da ba a gayyata ba, kuma babu gyara, kashin ya tafi.

Akwai wani abu da ke ruɗar mutane. In pH ya tsaya cak a sama da 5 bayan awa 24, kumfa babu, kada ka yi murna ka ce kayan suna hutawa. Tsamin nan shi ne katangar da ke hana miyagun ƙwayoyi yaɗuwa. Rashinsa ya fi yawansa haɗari. Yawanci sanyi ne ya yi yawa, ko an wanke ƴaƴan da ruwan famfo mai kulorin da yawa, ko sukarin ne ƙaranci.

Mai aiki da robusta ya lura: yauƙinsa ya fi mannewa, sukarin ƙwayarsa kuma bai kai na arabika ba. In an ɓare fata, yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku kafin yauƙin ya saki. Gwajin da manoma ke yi shi ne su damƙi ƙwayar su wanke a ruwa su murza. In ta yi ƙara kamar tsakuwa, ta saki. A ganinmu robusta ne ma ya fi cin riba daga rufaffen tano, don yana rage masa ɗacin itace da warin ƙasa, kuma shi ne mafi kusa da mu.

Sauran hanyoyin

Bayan ka maimaita gwajin farko sau biyu ko uku ka samu sakamako iri ɗaya, sai ka taɓa waɗannan, ɗaya bayan ɗaya.

Gishiri. A zuba giram 20 a kowane kilo na ƴaƴa, kashi biyu cikin ɗari ke nan, a cakuɗa kafin a rufe. Gishiri yana danne yawancin ƙwayoyi, bakteriyar nono kuma tana jure shi, sai ta mamaye tanon. Kofin yakan fito da kauri a baki da tsami mai laushi. Gishirin ya zama fari tsabtatacce, ba ɗan Bilma ba, ba kuma kanwa ba. Kanwa tana kashe tsami, ta rushe katangar da aka ambata.

Yis zaɓaɓɓe. Kamfanin Lallemand yana sayar da yis na kafe da sunan Lalcafé. Ma'aunin da aka saba shi ne giram ɗaya a kilo ɗaya na kafe. A jiƙa shi a ruwa mai ɗumi-ɗumi, ninki goma na nauyinsa, kada ya wuce digiri 37, a bar shi minti 20 zuwa 30, sannan a zuba a juya. Amfaninsa ba wani sabon ƙamshi na ban mamaki ba ne, a'a, shi ne tanon yau ya yi kama da na jibi. Yis ɗin burodi dangi ɗaya ne kuma zai yi aiki, sai dai yana da sauri, ƙamshinsa kuma bai kai ba. Yis yana mutuwa a zafi, don haka fakitin da ya kwana a aljihun mota a watan Afrilu ka ɗauka ya gama.

Iskar kabon. Nan ƴaƴan suna shiga da fatarsu ba ko ɗaya da ya fashe, sai a tura iskar ta ƙasa ta kori ta sama, tunda ta fi iska nauyi. Ba ka da tulun gas? Ka haɗa tiyon tanon da ke tsakiyar kumfa da famfon sabon tano na wasu awanni. Gargaɗi biyu: kada tiyo ya toshe, don murfi na iya tashi da ƙarfi; kuma kada kowa ya zura kai cikin babban tanki don sansanawa, iskar ba ta da wari kuma tana sumar da mutum.

Zafi da sanyi. Gonar El Paraiso ta Diego Bermudez a yankin Kauka na Kolombiya ce ta yi suna da wannan: bayan tsimi a wanke da ruwa mai digiri 40, nan take a bi da mai digiri 12. Yana bukatar ƙanƙara da ma'auni mai kyau. In ruwan zafin ya wuce ƙima, ƙwayar ta mutu, kafe mai matacciyar ƙwaya kuma ba ya jure ajiya. Ga mai kawo kaya Yamai wannan babbar illa ce, mu dai ba ma ba da shawararsa ga mai farawa.

Akwai masu barbaɗa koji, fumfunar da Japanawa ke yin miso, irin daddawarsu ta waken soya, da ita. Tana son ɗumi wajen digiri 30 da laima, yanayin da mugunyar fumfuna ma ke so. A bar wa masu ɗakin gwaji.

Sai zuba wani abu cikin tano: abarba, kirfa, lemu, wasu ma har da turaren abinci na kwalba. Ba laifi ba ne in an faɗa. Rigimar tana tasowa ne in an ɓoye aka ce ƙamshin gona ne. A 2024 masu shirya gasar kafen Panama sun fitar da wasu samfura daga gasa a kan haka. In za ka gwada da tsamiya ko citta, ka rubuta a jikin buhu.

Tambayar da abokan ciniki a nan za su yi maka, gara ka shirya mata: akwai giya a ciki? Gaskiyar aiki ita ce yis yana fitar da barasa a cikin tano, kamar yadda yake yi a ƙullun burodi. Ruwan tanon ana zubar da shi, a shanya makonni, sannan a soya a zafin da ya kai digiri 200, alhali barasa tana tafasa a 78. Wannan daban yake da kafen da ake ajiyewa a tsofaffin gangunan wiski ko ruwan inabi don ya sha ƙamshinsu, wanda shi ma yana kasuwa. Ka tambayi mai sayarwa wanne ne ya turo, ka bayyana wa mai saye yadda aka yi, hukunci kuma na malamai ne.

Shanya, inda aka fi asara

Buɗe tano ba ya tsayar da tsimi. Bushewa ce ke tsayar da shi. Ƴaƴan suna fitowa a jiƙe sharkaf, sun yi laushi, suna ɗanƙo, yanzu kuma ga iska. Kwana uku na farko su ne masu haɗari. A baza su a gadon shanya mai raga, tsayin ƙugu, kauri bai wuce ɗa ɗaya ko biyu ba, a juya duk awa. Wanda ya tara su tsibi ya tafi sallar azahar ya zarce cin abinci, zai dawo ya tarar da binegar da ya kwana uku yana gudu. Bayan fata ta daina manne wa hannu sai a ƙara kauri zuwa santimita uku ko huɗu, a rage gudu. Daga ƙarfe 12 zuwa 3 a yi masa rumfa, kada zafin kafen ya wuce digiri 40. Da dare a rufe saboda raɓa. Kwana 20 zuwa 30 ga mai fata, 10 zuwa 15 ga wanda aka wanke.

Inda za a tsaya shi ne laima kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. Sama da haka fumfuna, wadda wasu nau'o'inta ke fitar da gubar okratoksin, kuma suya ba ta kawar da ita duka. Ƙasa da 9 ƙwaya tana farfashewa wajen sussuka, ɗanɗano ya kwanta. In babu ma'aunin laima, cibiyar binciken kafe ta Kolombiya, Cenicafé, ta fitar da dabara mai sauƙi ga wankakken kafe: a auna giram 200 bayan an tsane ruwa, a sa a ƙaramin kwandon raga a tsakiyar shanyar, a riƙa aunawa. In ya dawo giram 104 zuwa 105, ya isa. Ga mai fata kuwa, kilo 10 ɗanye yana komawa wajen kilo 4, kuma in ka girgiza busasshen ɗa a kunne za ka ji ƙwaya tana kaɗawa.

A yi lissafi tun kafin a shiga: kilo 30 na ɗanyen arabika kilo 5 zuwa 6 na koriyar ƙwaya zai bayar. Kada a sussuke nan take. A bar shi cikin ɓawonsa wata ɗaya zuwa biyu, kaifin tsimin ya kwanta.

Hanya da ajiya a Yamai

Koriyar ƙwaya tana shan wari kamar auduga. Motocin da ke sauka kudu da albasar Galmi su ne sau da yawa ke hawowa da kaya, kuma katakon bayansu ya riƙe warin. Haka motar busasshen kifi ko mai jarkokin gazuwal. Maganin yana hannunmu tun tuni: buhun PICS da manoma ke ajiye wake, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. A sayi sabo, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban.

Buhun nan yana kuma kare kaya daga yanayinmu mai fuska biyu. A Fabrairu da Maris iska tana tsotse laimar ƙwaya a buɗaɗɗen buhu har ta koma fara-fara, a Agusta kuma ta mayar mata fiye da ƙima. Zafi ne dai buhu ba ya hanawa. Shagon kwano a watan Afrilu, lokacin da waje ke haura digiri 40, yana tsofar da kafe cikin makonni, kafen tsimi kuma ya fi saurin gajiya. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango, buhu a kan katako nesa da bango, ya fi. Ka sayi abin da za ka soya cikin wata uku zuwa huɗu, kada arha ta ja ka ka tara na shekara.

Gwada samfur da suya

Ka fara da ido da hanci. Ƙwayar tsimi takan yi ja-ja ko ruwan ƙasa, wannan ba aibi ba ne. Baƙa, mai ramin ƙwari, ko mai ƙyalli kamar kakin zuma da wari in an fasa ta, su ne aibi. In ka buɗe leda ƙamshi ɗaya tak ya buge ka, kirfa zalla ko alewa zalla, ka tambaya ko an zuba wani abu.

Wajen suya ka sassauta. Ƙwayar tsimi tana yin duhu da wuri, sai ido ya ce ta nuna alhali cikinta ɗanye ne, ko kuma wuta ta ƙona bayanta. Ka rage zafin shigarwa da digiri 5 zuwa 10 a kan yadda ka saba, ka bi kunne da hanci. In ta fara fashewa kamar gugguru, ka rage wuta, ka sauke bayan minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In ka kai ta baƙi mai maiƙo, duk abin da aka sha wahala a tano ya ƙone, ka biya kuɗin banza. A bar ta ta huta mako ɗaya kafin a yanke mata hukunci.

Ɗanɗanon a yi shi da kofi biyar ga kowane samfur, giram 8.25 na niƙaƙƙen kafe a mililita 150 na ruwa mai digiri 93, a jira minti huɗu, a fasa kumfar sama da cokali, a kwashe, a kurɓa. Dalilin kofi biyar shi ne aibin tsimi ba ya bazuwa daidai, mugunyar ƙwaya ɗaya kofi ɗaya take ɓatawa. In huɗu sun yi daɗi ɗaya ya yi warin magani ko albasa, buhun yana da matsala. Ka jira kuma ya huce. Da zafi kowane kafen tsimi yana burgewa. A minti na ashirin ne mai kyau yake ƙara zaƙi, wanda ya wuce ƙima kuma ya koma binega da ɗaci mai kama maƙogwaro. Ka sa shaidar nan, kashi na farko, a layi ɗaya da sauran, ka juya takardun suna ƙasa don kada ido ya taya harshe.

Ka tuna da wanda zai sha. Bakin da ya saba da Nescafé da madarar gwangwani a teburin mai shayi zai ji kofi mai tsamin abarba ya ce ya lalace, kuma madara tana ƙara fito da tsamin ta hanyar da ba ta da daɗi. Ga irin wannan kasuwa, na awa 48 ya fi na awa 72 shiga, haka ma gauraya: kashi ɗaya na tsimi cikin kashi uku ko huɗu na wankakke. Zallansa a ajiye wa masu shan baƙi ba sukari, a niƙa musu a gabansu, giram 15 a ruwa mililita 250.